HANNU DA ƘAFA A KEKEN ƊINKI: Darasi Domin Hakimai da Malamansu a Ƙasar Bici

1. Dalilin Wannan Darasi

Ƙasar Bici tana arewa maso yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Katsina. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona, ƙauye na hangen ƙauye. Da damina kowa yana wajen geronsa da dawarsa, da gyaɗa da wake. Amma da yake gonakin ba su da faɗi, ba kowane magidanci ne noma kaɗai ke riƙe masa gida shekara guda ba. Saboda haka da an kai amfanin gona gida sai mutane su koma ga sana'o'insu na rani. Ɗinki yana cikin manyan sana'o'in nan. A cikin garin Bici, da Badume, da Saye, da Ɗanzabuwa, da sauran garuruwa, da wuya mutum ya ratsa bakin kasuwa bai ji ƙarar keken ɗinki ba. A cikin gidaje ma mata da yawa da shi suke neman na kansu.

Keken da ya fi yawa a ƙauyuka shi ne na takawa da ƙafa, gama ba ya bukatar wutar lantarki ko man fetur. To, amma akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare wajen masu koyo. Suna tsammani gwanintar tela tana ga saurin ƙafarsa. Yaro ya ga maigidansa yana taka keke kamar ana kiɗa, sai shi ma ya dage wajen gudu, ba ya lura da abin da hannun daman maigidan ke yi. Alhali kuwa a nan asirin yake. Ƙafa ƙarfi take bayarwa, hannu ne ke mulkin keke. Shi ke tayar da shi, shi ke rage masa gudu, shi ke tsayar da shi daidai inda ake so.

Mai karatu ya iya tambaya, ina ruwan hakimi da wannan? Ruwansa da shi ta hanya uku ne. Na farko, in tela ya ɓata wa mutum shadda ana gobe Salla, sau da yawa maganar tana zuwa gaban mai unguwa ko dagaci, wani lokaci har gaban hakimi, mai sulhu kuwa yana bukatar sanin ko laifin keke ne ko na mai takawa. Na biyu, lokacin da hukuma ko wata ƙungiya za ta raba kekunan ɗinki ga matasa da mata, akan nemi shawarar sarakunan gargajiya wajen zaɓen waɗanda suka cancanta. Na uku, yatsun yaran da iyaye suka kai koyon sana'a amana ce a wuyan shugabanni.

2. Asalin Keken

Kafin zuwan keke, duk ɗinkin ƙasar Hausa da hannu ake yinsa, da allura da zare, kuma har yau aikin wuyan babbar riga na hannu yana da daraja tasa. A ƙasashen Turai ma haka abin yake har zuwa ƙarni na 19. A shekarar 1830 wani tela Bafaranshe mai suna Barthélemy Thimonnier ya sami takardar mallakar wani keke mai ɗinki da zare ɗaya. Teloli 'yan'uwansa suka ji tsoron zai raba su da abincinsu, suka far wa ma'aikatarsa a birnin Paris suka farfasa kekunan. A shekarar 1846, a Amurka, Elias Howe ya sami takardar keke mai zare biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, suna ƙulla juna a cikin yadi. Wannan irin ɗinki shi ne ake yi har yanzu. A 1851 kuma Isaac Singer ya fito da nasa, kamfaninsa ne ya bazu da keken ɗinki ko'ina a duniya. Babbar ma'aikatarsa ta Clydebank, a ƙasar Sikotilan, ta yi ta ƙera kekuna tun wajen 1885 har aka rufe ta a 1980. Daga baya aka sami Butterfly daga birnin Shanghai na ƙasar Sin, da Usha daga Indiya, waɗanda ƙirarsu ta bi sawun wani tsohon samfurin Singer.

Amfanin ƙirar keken ƙafa shi ne an ɗauke wa hannu wahalar juyawa. A keken hannu, tela yana juya mariƙi da dama, ya bar hagu kaɗai ta riƙe yadi. A keken ƙafa kuwa hannu biyu duka sun sami sukuni. Amma ba a sallami hannun dama daga aiki ba, an dai canja masa muƙami ne, daga lebura zuwa mai kula.

3. Yadda Ƙarfi Yake Tafiya Daga Ƙafa Zuwa Allura

A ƙarƙashin tebur akwai faffaɗan ƙarfe da ake ɗora ƙafa, watau feda. Wani sanda ya haɗa ta da babban wili. Igiyar fata, wadda teloli ke kira bel, ta kewaye babban wilin, ta ratsa tebur ta hau ƙaramin wili da ke daman kan keke. In an taka feda, babban wili ya juya, igiya ta ja ƙaramin, shi kuma ya motsa allura, da ƙoshiya, da haƙoran da ke jan yadi.

Akwai abu huɗu da ya wajaba a riƙe game da wannan tsari.

Na farko, duk juyi ɗaya na ƙaramin wili, allura takan sauka sau ɗaya ta hau sau ɗaya, zaren sama ya ƙulla da na ƙasa. A cikin wannan darasi za a riƙa kiran wannan ƙulli ɗaya.

Na biyu, da yake babban wili ya fi ƙaramin faɗi nesa, juyinsa ɗaya yakan juya ƙaramin kamar sau 4 ko 5, gwargwadon ƙirar keken. Kowa yana iya gwada nasa. A sa alli a yi alama a jikin kowane wili, a juya babban sau ɗaya a hankali, a ƙirga sau nawa alamar ƙaramin ta wuce. To, in an saita keke yana yin ƙulli 12 a inci ɗaya, ke nan taku ɗaya cikakke, gaba da baya, yakan ci kusan sulusin inci na yadi ko fiye. Wannan shi ne mudun ƙafa, ba ta iya awo da ƙaramin mudu sosai. Hannu kuwa yana iya auna ƙulli ɗaya, har ma rabinsa, watau ya tsayar da allura a sama ko a cikin yadi. A ɗinkin gefen wando mai tsawon inci 40 akwai ƙulli 480, a nan ƙafa ta fi amfani. Amma a kusurwar aljihu, inda ƙulli biyu na ƙari ke ɓata aiki, sai hannu.

Na uku, a kowane juyin babban wili akwai wuri biyu da sandan feda ke miƙewa sak da gwiwar wilin. In keke ya tsaya a ɗayansu, ko an danna feda ba ya motsi, in kuwa ya motsa ba a san ta inda zai nufa ba, ko gaba ko baya. Ƙafa ba ta da ikon zaɓar masa hanya.

Na huɗu, a irin kekunan Singer da Butterfly da Usha da aka saba da su, saman ƙaramin wili wajen mai ɗinki yake juyowa. In ya juya baya, ƙoshiya takan saki madaukin zaren da ta kama kafin a ja shi ya ɗaure, sai zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ko ya tsinke. Ko ɗinkin baya ake so, ba wili ake mayarwa baya ba. Akwai ƙarfen da ake ɗagawa a gaban keke, shi ke juya tafiyar haƙora, wili kuwa yana nan kan hanyarsa.

4. Ayyukan Hannu Guda Uku

Tayarwa. Kafin a fara, a juya ƙaramin wili da hannu har ƙarfen nan mai hawa da sauka a goshin keke, wanda ke ɗaga zare, ya kai ƙarshen hawansa. In ba haka ba, da an motsa sai ya zare zaren daga kafar allura. A ja bakin zaren sama da na ƙasa kamar inci 4, a kwantar da su baya. A sa yadi, a juya wili da hannu har allura ta shiga daidai inda ake so ɗinki ya fara, kana a sauke madannin yadi. Hagu ta riƙe bakin zaren nan biyu, dama ta yi ƙulli 2 ko 3 na farko ita kaɗai. Sa'an nan a ɗora tafin hannu a saman wili a jawo shi, ƙafafu suna kan feda a sake. Da feda ta fara motsi da kanta, sai ƙafa ta bi ta, ta karɓi aikin. Watau hannu ne ke nuna hanya, ƙafa ta biyo. Mai koyon da ya fara da ƙafa, rabin tayarwarsa baya za ta tafi.

Rage gudu. Ƙaramin wili yana da nauyi, an kuwa yi shi haka da gangan domin ya riƙe gudu, ɗinki ya tafi sumul. Saboda nauyin nan, ko an daina takawa ba ya tsayawa nan take. In tela ya hango kwana ko ƙarshen ɗinki, sai ya fara sassauta ƙafa tun da sauran kamar inci 2. Sa'an nan ya kai tafin damansa ya shafi bayan wilin, shafa mai sauƙi, ba kamu ba. Gwargwadon dannawarsa, gwargwadon raguwar gudu. Tilas ne ƙafa ta riga hannu sassautawa. Wanda ke taka feda da ƙarfi kuma yana danne wili, kamar mahayin da ke zungurar doki ne yana kuma jan linzami. Igiya za ta riƙa zamewa a kan wili, ta yi santsi, ta miƙe, ba da daɗewa ba ta tsinke.

Tsayarwa. In saura ƙulli 3 ko 4 a kai inda ake so, ƙafa ta tsaya cik, tafin hannu ya kwanta a kan wili ya tsayar da shi, sa'an nan a ƙarasa sauran da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafu su zauna a kan feda, kada a ɗauke su, amma kada su danna, gama nauyin ƙafa ɗaya ya isa ya mai da wili baya. In za a juya yadi ne, a tsaya allura tana ciki. In an gama ne za a fitar, a tsaya allura tana sama, ƙarfen ɗaga zare kuma yana ƙarshen hawansa, sa'an nan a ɗaga madanni a ja yadin baya a yanke zare.

A lura, da tafin hannu ake yin duk wannan, a gefen wili na waje. Ba a sa yatsa a tsakanin sandunan wili ko kusa da igiya.

5. Wuraren Da Ƙafa Za Ta Bar Wa Hannu Aiki

Kusurwa. Aljihun kaftani, da bakin tsagin jamfa, da kwalar rigar makaranta duk suna da kusurwa. A ƙarasa zuwa kusurwar da hannu, a bar allura a ciki, a ɗaga madanni, a juya yadi a kan allurar, a sauke madanni, kana a sake tayarwa da hannu. In an juya yadi allura tana sama, kusurwa za ta fito da baki a buɗe.

Lanƙwasa. Wuyan riga da hammata da hantsar wando ba miƙaƙƙu ba ne. A nan ana tafiya da ƙafa a hankali, dama tana kusa da wili. Inda lanƙwasar ta tsananta, a koma ga hannu ɗungum, a yi ƙulli 2 ko 3, a tsaya, a gyara zaman yadi, a ci gaba.

Tudu. Inda ɗinki ya haye wani ɗinki, kamar mahaɗar hantsar wando, ko ƙubaka, ko kalmasar kaki mai kauri, yadi yakan ninku huɗu, wani wuri har shida ko fiye. Allurar da ta afka wa tudun nan da gudu takan lanƙwashe, ta bugi farantin ƙasa ta karye, wani lokaci ta yi wa bakin ƙoshiya tabo, daga nan keke ya riƙa tsinka zare kullum. In da hannu ake juyawa, tela yana jin nauyin a tafinsa, in allura ta ƙi shiga ya sani kafin ta karye. Ƙafa ba ta da wannan ji.

Yadi mai tsada ko mai laushi. Shadda mai maiƙo, in aka yi kuskure aka farke ɗinkin, ramukan allura sukan zauna a jikinta. Leshi mai duwatsu yana karya allura. Yadi mai santsi yana zamewa. A duk waɗannan, sannu ba ta hana zuwa. A kuma zaɓi allurar da ta dace: lamba 11 domin yadi mara kauri, 14 domin atamfa da shadda, 16 ko 18 domin kaki da makamantansa.

Akwai wani kuskure da ya kamata a gyara a nan. Waɗansu suna tsammani in an yi gudu ƙulli yakan yi tsawo, in an yi sannu ya gajarce. Ba haka ba ne. Haƙoran keke ne ke auna tsawon ƙulli, kuma a kowane juyi awo ɗaya suke ja, ko da gudu ko a hankali. Abin da ke sa ɗinkin mai gaggawa ya fito wani dogo wani gajere shi ne yana jan yadi da hannunsa don ya taimaki keke. Aikin hagu ja-gora ne kawai. Jan yadi yana lanƙwasa allura, yana kuma tattare ɗinki.

6. Keken Da Ba Ya Yarda Da Sannu

Wani lokaci laifin ba na tela kaɗai ba ne. Keken da ya yi tauri ba ya tafiya a hankali, sai an taka shi da ƙarfi, in kuwa ya ɓalle sai ya wuce inda ake so. Gwajinsa mai sauƙi ne. A cire zare, a ɗaga madanni, a jawo ƙaramin wili da yatsa ɗaya. Lafiyayyen keke zai juya ba gardama.

In ya ƙi, a duba abu uku. Na farko igiya. In ta cika ɗamewa, keke ya yi nauyi. In ta saki, sai ta riƙa zamewa, feda na tafiya allura na tsaye. Daidai ɗinta shi ne ta ɗame gwargwadon da ba za ta zame ba, ba ƙari. Fata takan miƙe da yawan aiki. In ta saki, a buɗe ƙarfen da ya haɗa bakinta, a yanke kamar rabin inci, a huda sabon rami a mayar. Gara a yanke kaɗan a sake gwadawa, gama abin da aka yanke ba ya komowa.

Na biyu ƙura. Da hunturu ƙura takan shiga ko'ina, ta haɗu da burbushin yadi ta cushe ƙarƙashin haƙora da mazaunin ƙoshiya. A riƙa sharewa da ɗan buroshi ko gashin kaza, a kuma rufe keke in an tashi.

Na uku mai. Man keken ɗinki kaɗai ya dace, ɗigo ɗaya a kowane rami. Man gyaɗa da manja sukan daskare su zama kamar ƙaro. In an riga an yi wannan kuskure, a ɗiga kananzir a wuraren, a taka keke ba zare har ya saki, a goge, sa'an nan a sa man kirki. Kada a manta da gaɓoɓin feda da na babban wili a ƙasa, su ma suna son mai. Tebur kuma ya zauna daram a ƙasa mai daidai, gama keken da ke rawa ba ya jin linzami.

7. Tsare Lafiya

Rigakafi ya fi magani. Mai ɗinki ya naɗe hannun rigarsa, mace kuma ta tattare bakin mayafinta ko hijabinta, don kada wili ko igiya su kama. Yatsun hagu su tsaya nesa da allura kamar inci ɗaya. Lokacin sa zare ko canja allura, a sauke ƙafafu daga feda gaba ɗaya.

A gidaje, babban hatsari yana ƙasan tebur. Yaro mai rarrafe yana sha'awar wilin da ke juyawa, uwa kuwa idonta yana kan allura. Kada a bar yara kusa da keke ana ɗinki. In an tashi, a zame igiya daga babban wili, a sauke allura, a rufe.

In allura ta soki yatsa, abin farko shi ne ƙafa ta tsaya. Kada a fizge hannu. A juya wili da ɗaya hannun a hankali har allurar ta fita. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗaure. In allurar ta karye, a haɗa gutsattsarinta a gani ko sun cika. In ba su cika ba, ko sukan ya yi zurfi, ko ya ratsa farce, lalle a tafi asibiti, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya game da allurar rigakafin tetanus, cutar nan mai ɗaure muƙamuƙi.

8. Yadda Za A Koyar, Da Abin Da Ya Rataya A Kan Hakimi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da tayar da keke da ƙafa, da wuya a raba shi da halin in ya girma. Ga matakai huɗu da ya kamata kowane maigidan ɗinki, da kowace malamar da ke koya wa mata, su bi.

Mataki na 1. A kwance ɗan murfin nan da ke tsakiyar ƙaramin wili, wanda ake kwancewa in za a naɗa zaren ƙoshiya, don wili ya juya allura tana tsaye. Mai koyo ya ɗora ƙafa biyu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya gaba, ya tayar da hannu, ya taka, ya tsayar da hannu. Ya yi ta maimaitawa har wili ya daina komawa baya.

Mataki na 2. A ɗaure murfin, a sa tsohuwar allura ba zare, a ba shi takarda mai layi, irin ta littafin makaranta. Ya bi layi, ya tsaya daidai ƙarshensa.

Mataki na 3. A zana masa murabba'i da da'ira a takarda. Ramukan allura su za su ba da shaida, ko ya bi zane ko ya kauce.

Mataki na 4. Sai yanzu za a sa zare, a ba shi ƙyallaye, har da masu tudu. Ba a ba shi yadin mutane sai ya ƙware a nan.

Malamin hakimi ba ya bukatar zama tela kafin ya gane wanda ya koya. Da takarda ɗaya da keke ɗaya yana iya yin jarrabawa. Ya sa mai nema ya tayar da keke sau 10, ya ƙirga sau nawa wili ya koma baya. Ya sa shi ya taka a hankali ƙwarai, yadda za a iya ƙirga saukar allura da ido, ba tare da keke ya tsaya ba, gama tafiyar sannu ta fi gudu wuya. Ya ɗiga alama da alƙalami, ya ce a tsaya allura tana cikinta. Ya sa a ɗinka murabba'i, ya duba kusurwoyi huɗun. A ƙarshe ya ce a cire igiya a mayar. Wanda ya ci waɗannan biyar, in an ba shi keke zai ci abinci da shi. Wanda ya faɗi, a mai da shi wajen koyo tukuna, don kada keken ya ƙare a lungun ɗaki ko a hannun dillali. Ya kyautu malami ya rubuta sakamakon a littafi, da sunan garin mai nema da na wanda ya koya masa, domin in an zo rabo hujja ta yi magana, ba sanayya ba.

Wajen sulhu kuma, rigar da aka kawo ƙara a kanta tana faɗin abin da ya faru. Zare a cukurkuɗe a bayan yadi daidai mafarin ɗinki alama ce ba a riƙe bakin zare ba, ko wili ya koma baya. Ɗinkin da ya zarce kusurwa aka farke alama ce an tsaya da ƙafa. Ƙulli dogo da gajere a layi ɗaya yakan nuna an ja yadi. Waɗannan duka daga mai takawa suke. Amma mai sulhu ya tambayi mai yadin ma, yaushe ya kawo ɗinkin? Wanda ya sayo shadda a Kantin Kwari ana saura kwana biyu Salla, ya tsaya a kan tela sai an gama masa, shi ma yana da kaso a cikin ɓarnar. Saboda haka yana da kyau hakimai su sa dagatai da masu unguwanni su riƙa tuna wa jama'a tun farkon azumi su kai ɗinkinsu da wuri, su kuma gargaɗi teloli kada su karɓi abin da ya fi ƙarfinsu. Sauri kan haifi nawa.

Ko da mai koyo zai koma ga keken lantarki wata rana, wannan horo ba zai tashi a banza ba, gama shi ma yana da ƙaramin wili a dama, kuma da hannu ake kai allurarsa kusurwa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka ƙafa ita kaɗai ba ta ɗinka riga.

9. Tambayoyi Domin Bita

1. Ƙulli nawa keke ke yi a juyi ɗaya na ƙaramin wili, kuma ta yaya za a gane yawan ƙullin da taku ɗaya ke bayarwa?
2. Don me ba a tayar da keke da ƙafa?
3. Wajen rage gudu, wanne ke fara sassautawa, hannu ko ƙafa? Mene ne dalili?
4. A kawo wurare huɗu da ya kamata a juya wili da hannu.
5. Waɗanne abubuwa uku za a duba in keke ya yi tauri?
6. Waɗanne gwaje-gwaje biyar malamin hakimi zai yi wa mai neman keke?

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan darasi a gaban dagatai da shugabannin teloli na ƙasarsu. Allah ya sa albarka a sana'a, ya tsare hannuwan masu yinta, amin.